Aikatau Mai Ɗan Rakiya da Mazaunin Wakilin Suna: Ingilishi da Hausar Adar

1. Gabatarwa

Idan aka tambayi manomi a kasuwar Tamaske, cikin gundumar Keita, ina albasar da ya kawo, amsar da za a ji ita ce “na saida ta”. Littafin karatu da aka rubuta bisa Hausar Kano kuwa “na sayar da ita” zai ce, ko kuma “na sai da ita”. Ma'ana ɗaya ce, kuma babu Bahaushen da zai kasa gane ɗan'uwansa saboda wannan. Amma wanda aka ɗora wa aikin shirya littafin yaƙi da jahilci ba shi da damar wucewa haka nan. Tilas ne ya yanke shawara a kan abu biyu: ko “da” za ta manne da aikatau ko za ta tsaya ita kaɗai, sa'an nan ko “ta” za ta biyo baya ko “ita”. Sau da yawa akan ɗauki tambayoyin nan biyu kamar ba ruwan ɗaya da ɗaya, har a rubuta abin da ba a faɗi ko'ina a ƙasar Hausa.

Ɗan manomin nan kuma, idan ya shiga kwaleji ya fara Ingilishi, zai ci karo da tambaya mai kama da wannan. An koya masa cewa “pick up” ita ce ɗauka, sai ya ce “pick up it”, malami ya ja masa jan layi, alhali kuwa jiya ya ce “look after it” an amsa masa. Tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, batutuwan nan biyu sun taru a kan teburin masu tsarin ilimi. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, gwaji ɗaya ke warware su duka, watau duba mazauni da siffar wakilin suna.

A nan “Ingilishi” za a riƙa cewa, domin a bakin mutanen Nijar da yawa kalmar “Turanci” Faransanci take nufi. Tauraro a gaban misali alama ce ta jimlar da masu harshen ba su yarda da ita ba.

2. Yadda abin yake a Ingilishi

Ingilishi yana da ɗimbin aikatau da ba su tafiya su kaɗai, sai tare da wata ƴar kalma kamar “up”, “out”, “off”, “on”, “back” ko “after”. Wannan ƴar kalma ita ce aka kira ɗan rakiya a cikin maƙalar. Tun 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan haɗi yana wahal da baƙin harshe ƙwarai. Sunan da masu nahawu ke kiransa da shi a yau, “phrasal verb”, ya fito ne a littafin Logan Pearsall Smith na 1925, shi kuma ya ce daga Henry Bradley ya samo shi. Dwight Bolinger ya keɓe wa batun littafi sukutum a 1971.

Wahalar farko ta ma'ana ce. “Give” bayarwa ce, “up” sama ce, amma “give up” saduda ce ko barin abu. Wannan sai hadda, kuma ba ita ce damuwar maƙalar ba. Wahala ta biyu ta jeri ce, ita kuwa tana da ƙa'ida. Randolph Quirk da abokan aikinsa, a nahawunsu na 1972 da na 1985, sun raba haɗin gida uku.

A gida na farko ɗan rakiya na aikatau ne. Idan karɓau suna ne, yana iya zuwa gaban ɗan rakiya ko bayansa. Idan wakilin suna ne, mazauni ɗaya gare shi, watau tsakiya:

(1) She picked up the book.
(2) She picked the book up.
(3) She picked it up.
(4) *She picked up it.

Jimla ta (1) da ta (2) duk “ta ɗauki littafin” suke nufi, ta (3) kuma “ta ɗauke shi”. Dalilin haramcin (4) na nauyin furuci ne. Ɗan rakiya irin wannan yana ɗauke da ƙarfin murya, wakilin suna kuwa mara nauyi ne, labarinsa tsoho ne ga mai sauraro, saboda haka sai ya lafe jikin aikatau ya bar wa mai nauyi ƙarshen jimla. Shaidar haka ita ce, idan aka ƙarfafa wakilin suna don bambanta wani da wani, yana iya komawa ƙarshe. Haka kuma yankin suna mai tsawo kusan kullum bayan ɗan rakiya yake zama.

A gida na biyu ƴar kalmar harafi ce mai riƙe da sunan da ke biye da ita, ko da yake aikatau ne ya zaɓe ta. Ba a raba ta da abin da ta riƙe, suna ne ko wakilinsa:

(5) She looked after the child.
(6) She looked after him.
(7) *She looked him after.

Ma'anar (6) ita ce “ta kula da shi”. A rubuce (1) da (5) ginin su ɗaya ne, ba a gane bambancinsu sai an musanya suna da wakilinsa. Har ma kalma ɗaya tana iya zama a gidajen biyu. “He turned on the radio”, watau ya kunna rediyo, tana komawa “he turned it on”. Amma “the dog turned on the boy”, watau kare ya juya ya auka wa yaron, “the dog turned on him” take komawa.

Gida na uku ya haɗa biyun, ɗan rakiya sa'an nan harafi, kamar “put up with”, watau jure wa. Wakilin suna a ƙarshe yake, tun da harafi ne ke riƙe da shi: “she put up with it”. Wannan ba ya ba ɗalibai wuya sosai.

3. Abin da Hausa ke yi da ƙarshen aikatau

Akan ce Hausa ba ta da irin wannan aikatau. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ta fuska ɗaya, domin yawancin aikin da ɗan rakiya ke yi a Ingilishi, a Hausa ƙarshen aikatau ne ke yin sa. F. W. Parsons, a maƙalarsa ta 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Aji na 4, mai ƙarewa da -e, yana nuna an gama da abu kakaf: “cinye”, “shanye”, “saye”, daidai da “eat up”, “drink up”, “buy up”. Aji na 6, mai ƙarewa da -o, yana jawo aiki wajen mai magana: “kawo”, “fito”, “komo”. Faransanci kuwa ɗafa-goshi yake amfani da shi, kamar a “apporter” da “emporter”, ko kuma ya kawo wata kalma dabam ɗungum, “sortir”, “ramasser”, “supporter”. Wanda ya koyi Ingilishi ta hanyar Faransanci, kamar yadda ake yi a kwalejojin Nijar, ba shi da abin kwatance a harshen da ake yi masa bayani.

Aji na 5 shi ne inda Hausa ta yi kusa da Ingilishi. Parsons ya kira shi da sunan mai sa a yi aiki, amma Paul Newman ya nuna a 1983 cewa ainihin ma'anarsa ita ce fitar da aiki nesa da mai yin sa. Wanda ya sayar da doki bai sa kowa ya saya ba, doki ne ya bar hannunsa. Haka “zubar”, “jefar”, “fitar”, “bayar”, kuma galibi da “away”, “out” ko “off” ake fassara su. Wannan aji, idan karɓau ya biyo shi, sai da ɗan rakiya, watau “da”.

4. “Da” iri biyu a Hausar littafi

Ba kowace “da” da ta biyo aikatau ce ɗaya da ƴar'uwarta ba. A duba waɗannan:

(8) Ya zo da albasa.
(9) Ya sayar da albasa.

A ido babu bambanci, kamar dai (1) da (5). Ko da aka sa wakilin suna, a Hausar Kano har yanzu babu: “ya zo da ita”, “ya sayar da ita”. Amma idan aka ɗauke karɓau aka kai shi gaba, sai su rabu:

(10) albasar da ya zo da ita
(11) albasar da ya sayar
(12) *albasar da ya zo da

A (10) “da” harafi ce ta sosai, ba ta yarda a bar ta a ƙarshe babu abin riƙo, saboda haka sai an ajiye mata wakilin suna. A (11) kuwa ta ɓace gaba ɗaya, domin ba ta da wata ma'ana ta kanta, aikinta kawai shi ne sada aikatau na aji 5 da karɓansa. Irin “da” ta (8) ita ce ta “kula da”, “lura da”, “rabu da”, “gamu da”. A cikin waɗannan ma akwai masu ma'anar da ba a hango ta daga kalmomin, kamar “yi da mutum”, watau cin namansa a bayan idonsa, ko “ji da mutum”, watau ƙaunarsa da tattalinsa. Waɗannan su ne takwarorin “look after”.

Abu na biyu da ya kamata a lura da shi: “da” ta aji 5 tana rabuwa da aikatau. Idan akwai wanda aka yi aikin dominsa ko a kansa, sai ya shiga tsakani:

(13) Ya sayar mini da albasa.
(14) Ta mayar wa Hadiza da kuɗinta.
(15) Ta mayar mata da su.

Jimla ta (14) ta yi kama ƙwarai da “she gave Hadiza back her money”, inda mai karɓa ya raba “gave” da “back”. Wannan rabuwa ita ce babbar hujjar rubuta “sayar da” kalma biyu. Abin da wata kalma ke iya ratsa tsakiyarsa ba kalma ɗaya ba ne.

Wasu aikatau na wannan aji suna da gajeriyar siffa: “sai da”, “mai da”, “fid da”, “ba da”, “tsai da”, “ta da”, “ka da”, “gai da”. Suna kuma da wata tsohuwar siffa mai ƙarewa da -she wadda ke ɗaukar wakilin suna kai tsaye ba tare da “da” ba: “saishe ta”, “maishe ta”, “fisshe ta”. Mafi rai a cikinsu ita ce ta gaisuwa, “gaishe ka”, wadda kowa ke faɗi. Wannan -she, da -s ɗin da ake ji a yamma cikin “sayas” da “bayas”, suna nuna cewa -r ɗin Kano daga -s ta samo asali.

5. Hausar Adar

Tamaske tana tsakiyar ƙasar Adar, tsakanin Tawa da Keita, kuma Hausarta ɗaya ce daga karorin yamma, dangin na Sakkwato da Gobir. Claude Gouffé ya yi nazarin aji na 5 a wani karin Hausar Nijar tun 1962, Bernard Caron kuma ya buga cikakken bayanin Adaranci a Balin a 1991. Wasu siffofin karin sanannu ne: “h” ko “hw” a inda Kano ke da “f”, kamar “hita”, “tahi”, “hwaɗi”, “munka”, “sunka”, “anka” maimakon “muka”, “suka”, “aka”, ninka baƙi a “yac ce”, “tat tahi”, “ma” a gaban suna maimakon “wa”, “muna” maimakon “mana”. Duk waɗannan mai karatu yana tsallake su ba da wahala ba. Abin da ya shafi ginin jimla shi ne abin da ya sami gajeriyar siffar aji na 5.

A nan “da” ta narke cikin aikatau, ta zama gaɓarsa ta ƙarshe. Sabuwar kalmar da aka samu tana tafiya kamar kowane aikatau na aji 1, irin su “kama” da “dafa”. Hujjoji huɗu ne suka tabbatar da haka, kuma na farko ya fi sauran ƙarfi.

Hausa tana da jeri biyu na wakilin suna da suka shafi wannan batu. Akwai mai zaman kansa: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Shi ne ke bin harafi, “da ita”, “sai kai”, “daga ke”. Akwai kuma na karɓau: ni, ka, ki, shi, ta, mu, ku, su. Shi ne ke bin aikatau, “kama ta”, “dafa ta”. Babu mai cewa “ya zo da ta”, a Kano ko a Adar. To, amma Ba'adare yana cewa:

(16) Ya saida ta.
(17) Sun hidda ka.
(18) An maida ki gida.

Tun da “ta”, “ka”, “ki” ba su bin harafi, abin da ke gabansu a nan ba harafi ba ne, aikatau ne. Kunne ma yana shaida: wasalin ƙarshe na “saida” dogo ne a gaban wakilin suna, gajere a gaban suna, daidai da na “kama”.

Hujja ta biyu, wanda aka yi wa aiki ba ya ratsa tsakiya, bayan kalmar yake zuwa, kuma ba a sake wata “da”: “ya saida muna albasa”, “ta maida ma Hadiza kuɗinta”. A kwatanta da (13) da (14). Ta uku, “da” ba ta ɓacewa idan an kai karɓau gaba: “albasad da yas saida”, a kwatanta da (11). Ta huɗu, ɗafa-ƙeya a bayanta yake mannewa, ana samun “saidawa”, “maidawa”, “hiddawa”, har ma a shigar da kalmar aji na 6 a ce “maido”, “hiddo”. Wani abin sha'awa shi ne, ana jin “maido da ita” da “fiddo da ita” a wurare da dama, har a jaridun Nijeriya. A cikin waɗannan “da” sau biyu ta zo, ta farko a ɓoye cikin tushen kalma, masu magana ba su ƙara jin ta a matsayin “da” ba, shi ya sa suka ƙaro wata.

Wannan ya nuna kuma cewa lamarin bai tsaya a Adar ba. “Ya maida ta gida” da “a gaida shi” ana jin su a Katsina da Maraɗi da Kano kanta. Bambancin na yawa ne da na matsayi: a yamma ita ce hanyar yau da kullum, a Hausar littafi kuwa ana ɗaukar ta kamar baƙuwa.

A nan akwai gargaɗi ga masu zuwa ƙauyuka tattara bayanai. Daga cikin wakilan suna takwas, uku ne kaɗai suka bambanta a rubuce tsakanin jerin biyu: kai da ka, ke da ki, ita da ta. Wanda ya shirya tambayoyinsa da doki ko gero ko buhu zai komo da takardu cike da “shi”, waɗanda ba su nuna kome. A baki akwai bambanci, domin a “sai da shi” wasalin “da” gajere ne na “shi” dogo, a “saida shi” kuwa akasin haka ne. Amma rubutu ba ya nuna tsawo. Littattafan yaƙi da jahilci na farko a Nijar, bayan taron Bamako na 1966, suna ninka dogon wasali, saboda haka a cikinsu ana iya ganin bambancin. Bayan taron Yamai na Janairun 1980, wanda ya daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, an bar wannan al'ada. Mai bincike ya yi tambaya da akuya, ko albasa, ko gona, amsa za ta fito fili.

6. Abin da ya shafi rubutu

Al'adar rubutu ta Zariya da Kano raba “da” take yi, “sai da”, “mai da”, “ba da”, kuma ga Hausar da aka gina ta a kai daidai ne. Matsala tana tasowa ne idan mai rubutu ya riƙe rabawar Kano ya kuma riƙe wakilin sunan Adar:

(19) *Ya kai albasa kasuwa ya sai da ta da tsada.

Sabon mai karatu, wanda ke bin kalmomi ɗaya ɗaya da yatsa, idan ya iso “sai da ta” zai jira aikatau, domin ya saba da “sai da ta tahi”, “sai da ta gama”. Ba zai samu ba, sai ya koma farkon layi. Ga babban mutum da ya baro gona ya zo aji da dare, komawa farkon layi sau biyu ko uku ya isa ya sa shi zaton kansa ne ba ya ja. Irin waɗannan aikatau kuma ba su kaucuwa. Tun da aka fara aikin raya ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, maganar yankin ta cika da tsaida ruwa, da hidda duwatsu, da maida ƙasa rami, da tada gonar da ta mutu. Takardar gargaɗi a kan noma ko bashi ko cinikin albasa ba ta yin layi biyar ba tare da ɗayansu ba.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce rubutu ya bi gwajin wakilin suna. Inda “ita”, “kai”, “ke” ke biyowa, a raba: “sayar da ita”, “sai da ita”. Inda “ta”, “ka”, “ki” ke biyowa, ko -wa ta manne, a haɗe: “saida ta”, “saidawa”. A littafin farko na cibiyoyin Keita da Buza da Madawa, siffar haɗe ta fi cancanta, tun da ita ce ke bakin masu koyo, kuma aikin littafin farko shi ne nuna wa mutum cewa abin da yake faɗi ne aka zana a takarda. Doguwar siffa, “sayar da ita”, “sayar mini da ita”, sai ta shigo a littafi na biyu, a koyar da ita da gangan, domin ita za su tarar a jarida da takardun hukuma.

Wannan shawara tana da nata rauni, bai kuwa kamata a ɓoye shi ba. Haɗewa tana haifar da wasu tagwaye. “Kada ta” tana iya zama hani, kamar a “kada ta faɗi”, tana kuma iya zama kayarwa, kamar a “iska ya kada ta”. Sauƙin abin shi ne, ta kayarwa kullum da “ya” ko “ta” ko “sun” a gabanta, ta hani kuwa ita ke buɗe magana. Siffar -she ba ta fid da mai rubutu a nan, domin “ya kashe shi” ta filin kokowa, mai dogon wasalin farko, a takarda ba ta da bambanci da ta kisa. A irin wannan wuri gara a koma ga “kayar da shi”. Masu adawa da haɗewa suna kuma cewa za ta raba rubutun Nijar da na Nijeriya bayan wahalar da aka sha wajen daidaita su. Amsar ita ce, marubutan Nijeriya da kansu sun daɗe suna rubuta “maida” da “fidda” da “bada”, abin da ya rage kawai shi ne a san lokacin da haɗewar ke da hujja.

7. Abin da ya shafi ajin Ingilishi

Yaron Tamaske ya zo aji da abin da malaminsa bai cika lura da shi ba. Ya san cewa ƴar kalma bayan aikatau tana iya zama ta aikatau, tana kuma iya zama ta suna, ya kuma san cewa wakilin suna ne ke tona asirinta, tun da bakinsa yana bambanta “ya zo da ita” da “ya saida ta” ba tare da ya yi tunani ba. Bayanin minti goma da Hausa a kan jimlolin nan biyu ya fi dogon jerin da aka fassara da Faransanci, inda “pick up” ke zama “ramasser”, “look after” ke zama “garder”, duk su fito kalma ɗaya ɗaya, bambancinsu ya ɓace. Hanya mafi sauƙi ita ce kada a ba ɗalibi aikatau tsirara. A ba shi tare da wakilin suna tun ranar farko, ya haddace “pick it up”, “turn it off”, “give it back” a gefe ɗaya, “look after it”, “look for it”, “get over it” a ɗaya gefen.

Sai dai kwatancen yana da iyaka, malami kuma ya kamata ya san ta. A Hausa wanda aka yi wa aiki ne ke raba aikatau da “da”, karɓau na kai tsaye ba ya yin haka ko kaɗan. Babu “ya sayar albasa da”, babu “ya sayar ta da”. Saboda haka jimla ta (2) da ta (3), inda ɗan rakiya ke zaune shi kaɗai a ƙarshe, sabon abu ne ga kunnen Bahaushe, sai da maimaici.

Wuri na biyu da harsunan suka saɓa shi ne barin harafi a ƙarshe. Ingilishi yana cewa “the man I came with”, Faransanci yana jan harafin gaba ya ce “l'homme avec qui je suis venu”, Hausa kuwa tana barin sa a wurinsa ta ajiye masa wakili, “mutumin da na zo da shi”. Daga nan ne kuskuren “the man I came with him” ke fitowa, kuma ba rashin ƙoƙari ba ne, ƙa'idar (10) ce yaro ya ɗauko. Akwai ƙofa ɗaya da za a iya bi a nuna masa cewa barin ƴar kalma a ƙarshe ba baƙon abu ba ne ɗungum. “Wa” ta Kano, da “ma” ta Adar, suna zama a ƙarshe babu abin riƙo: “mutumin da aka gaya wa”, “wa anka hwaɗa ma?”. Malami zai iya rubuta wannan a allo, ya rubuta “the man I spoke to” a ƙarƙashinta, ya sa ɗalibai su gwada ƙara wakilin suna a ƙarshen kowace, su ji yadda ta Ingilishi ke lalacewa.